Sauka Cikin Matsattsen Kwazazzabo da Ayari: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara bin abokan tafiya zuwa kwazazzaban kudancin jihar Yuta ta Amurka, duk sa'ad da na nuna wa 'yan'uwa hotuna sai tambayoyi su yi ta zuwa, kuma kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Sai dai tun farko ina so a sani, karanta wannan ba zai koya wa kowa riƙe igiya ba. Wannan sai a gaban malami, da igiyar a hannu.

Wai mene ne matsattsen kwazazzabo?

Tsaga ce a cikin dutse, wadda ruwa ya yi dubban shekaru yana yanka, har zurfinta ya ninka faɗinta sau da yawa. Wani wurin za ka miƙa hannu biyu ka taɓa bangon dama da na hagu, alhali sama tana can mita 30 ko fiye, kamar zare. Wani wurin ma ba ka wucewa sai a kaikaice, ka cire jaka ka ja ta a hannu, kanka a juye gefe guda domin hular kwano ba za ta juya ba.

Yawancin na Yuta da arewacin Arizona a cikin dutsen yashi suke, wanda ake kira dutsen Nabaho. Asalinsa tudun rairayi ne na wata babbar hamada, kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wanda ya daskare ya zama dutse. A Zayon, wani gandun shaƙatawa na gwamnati a kudancin Yuta, kaurinsa ya kai mita 600. Yana da taushin da ruwa mai ɗauke da tsakuwa zai iya yanka shi, yana kuma da ƙarfin da bangon ba ya ruftawa. Wannan ne ya ba shi siffar da ake gani a hoto, bango mai lanƙwasa, ja da ruwan goro, sumul kamar cikin ƙwarya.

Ashe ba tafiya ce kawai a ƙasa ba?

Akwai waɗanda tafiya ce kawai, kamar kwazazzabon Antelope na Arizona da masu yawon buɗe ido ke shiga tare da 'yan jagora na ƙabilar Nabaho. Waɗanda nake magana a kansu su ne masu gangara a tsaye, inda ƙasa ke yankewa gabanka, ba ka da hanya sai ta igiya. Wanda ya taɓa ganin mai yasar rijiya ana zura shi ya ga rabin abin. Bambancin shi ne, mai yasar rijiya yana da mutane a baki da za su jawo shi. A nan kowa sauka yake yi, na ƙarshe ya sauko, a janye igiyar daga sama a naɗe a ci gaba.

A wurina wannan janye igiya ta farko ita ce jigon sana'ar baki ɗaya. Kafin a ja ta, kowa yana iya cewa ya fasa, a koma mota. Bayan ta faɗo, bangon da kuka sauko ba ya hawuwa, hanya ɗaya ta rage, ita ce gaba, har sai kun fita ta ƙasa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji masu magana, tsalle dubu ba ya fid da shi. Saboda haka duk shawara mai nauyi, ta yanayin sama ce ko ta lafiyar wani ko ta lokaci, a bakin gangarar farko ake yanke ta.

Mutum ɗaya ba zai iya shiga ba?

Akwai masu yi, amma ba na ba kowa wannan shawara. A watan Afrilun 2003 wani matashi mai suna Aron Ralston ya shiga kwazazzabon Bluejohn shi kaɗai, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Wani dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya gusa ya danne masa hannun dama a jikin bango. Kwana biyar yana nan, har ya yanke hannun da 'yar wuƙa, ya sauka wata gangara da igiya da hannu ɗaya, ya yi tafiyar kilomitoci kafin ya haɗu da mutane. Ana yawan ba da labarin a matsayin jarunta, kuma jarunta ce. Amma da akwai mutum biyu tare da shi, da ɗaya ya zauna ɗaya ya tafi neman agaji tun ranar farko.

Ban da haɗari ma, akwai wuraren da jiki ɗaya ba ya wucewa. Sai wani ya durƙusa ka taka kafaɗarsa, ko ya riƙe ka ya zura ka ƙasa, ko a yi ta miƙa jakunkuna hannu da hannu.

To mutum nawa ya kamata?

Huɗu zuwa shida. Da huɗu, in ɗaya ya ji rauni, ɗaya zai zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Fiye da shida kuma lokaci ne ke cinye ku. Ku yi lissafi: in kowane mutum yana cin minti biyar a gangara, ku shida, minti 30 ke nan. Gangara goma, awa biyar sun tafi a kan igiya kawai, ba a sa tafiya da iyo da naɗe igiya ba. Wanda ya riga sauka kuwa yana tsaye a jiƙe yana jiran saura, sanyi na cin sa.

Hukumar gandun Zayon ta kayyade mutum 12 a wasu kwazazzabai kamar Pine Creek da Keyhole da Orderville, shida a sauran. Wannan iyakar doka ce, ba adadin da ya fi dacewa ba.

Wa ke fara sauka, wa ke zama na ƙarshe?

Kamar ayarin fatake ne, akwai jagaba akwai madugu, kuma ba a ba sabon shiga ko ɗaya daga ciki.

Jagaba shi ke fara sauka. Shi zai gano ko igiya ta kai ƙasa, ko ta harɗe, ko akwai ruwa a ƙasan da zurfinsa. Babu mai riƙe masa igiya daga ƙasa, don haka dole ya iya tsayar da kansa a tsakiyar hanya, ya kulle, ya saki hannu biyu ya warware matsala, in ta kama ma ya hau igiyar ya koma sama. Da ya taka ƙasa sai ya riƙe jelar igiya ya zuba wa mai saukowa ido. In mai saukowa ya kubce, ja ɗaya da ƙarfi daga ƙasa zai tsayar da shi cak a iska. Wannan aiki ba a yin sa ana hira ko ɗaukar hoto, kuma ba a tsayawa daidai ƙarƙashin mai sauka, saboda tsakuwa.

Sababbi a tsakiya suke. Kafin kowa ya jingina da igiya, wani ya duba shi da ido da hannu: ɗamara ta zauna saman ƙugu, ƙugiya a kulle, igiya ta bi ƙarfen birki, wato ƙarfen da ke rage gudun sauka, yadda ya kamata, ba gashi ko bakin riga da ke lilo kusa da ƙarfen. Ana duba ƙwararre kamar yadda ake duba baƙo. Gajiya ba ta san shekarun mutum a sana'a ba, kuma kuskure ya fi zuwa a gangara ta goma, ba ta farko ba.

Madugu shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi kowa ɗaukar kasada. Duk waɗanda suka riga shi sun sauka yana zaune a sama, jikinsa a ɗaure da igiyar a matsayin tallafi idan turken da aka ɗaura igiyar a jikinsa ya gaza. Shi kuwa ba mai tallafa masa. Shi ya sa ake fara tura masu nauyi, a gwada turken da su, a bar mai sauƙin jiki kuma gwani a ƙarshe. Kafin ya taso, na ƙasa su ɗan ja igiyar su tabbatar tana zamewa. In ba a yi wannan gwaji ba, aka ja ta maƙale a tsaga, to ga ku a ƙasa, ga igiyarku a sama, ga sauran gangara a gaba.

Murya ba ta aiki a irin wurin nan, amsa-kuwwa ke cinye ta, balle in akwai ƙarar ruwa. Kowa ya rataya usur, ku daidaita ma'anar busa tun a mota. Busa ɗaya dai kusan ko'ina tsaya take nufi.

A jikin me ake ɗaura igiyar?

A kwazazzaban da ake yawan bi a Zayon za ka tarar da ƙusoshin ƙarfe da aka dasa a bango. A wasu yankunan Yuta, kamar Escalante, masu sana'ar ba sa son a huda dutse, sai a nemi abin da Allah ya ajiye: itace, ko kututturen da ambaliya ta cusa tsakanin bango biyu, ko dutsen da ya maƙale. In babu, a tona yashi a binne babban dutse da maɗauri a jikinsa. Akwai ma jaka ta musamman da ake cika da yashi a sauka a kanta, na ƙarshe ya ja wata siririyar igiya ta zubar da yashin ta faɗo. Wannan ta ƙwararru ce.

Abin da nake roƙon kowa: kada ka yarda da turke don kawai ka tarar da shi. Maɗaurin da wani ya bari bara, rana ta ci shi, ambaliya ta doke shi da tsakuwa. Ka bi shi da yatsa har bayan dutse inda ido ba ya kaiwa. In ya koɗe ko ya bushe ya yi tauri, yanke shi ka sa sabo, tsohon ka jefa a jaka ka fita da shi.

Wane kaya ake bukata?

Kowane mutum: hular kwano, ɗamarar ƙugu, ƙarfen birki, ƙugiyoyi masu kulle, safar hannu, takalmi mai kama jiƙaƙƙen dutse, tocilar goshi, ruwan sha da abinci. Ayari kuma: igiya marar miƙewa, kaurinta milimita 8 zuwa 9, tsawonta ninki biyu na gangara mafi tsawo, ko kuwa igiya ɗaya da siririyar igiyar ja. Sai igiyar ko-ta-kwana a jakar wani dabam, da maɗauri, wuƙa, taswira, kayan agajin gaggawa. Gangarar ƙarshe ta Pine Creek kusan mita 30 ce kuma a iska ake lilo, ƙafa ba ta taɓa bango. Ta kwazazzabon Heaps ta haura mita 80. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk abin da ka saya ka gwada shi a gajeren dutse tukuna.

Me ya fi kashe mutane?

Abin da ke ɗauke ayari guda a lokaci ɗaya ambaliya ce. Mutanen Agadas ba sai an yi musu bayani ba: sun san kwari yana iya zama busasshe ƙayau, rana na dukan kai, sai ruwan da aka yi can cikin duwatsun Abzin ya taho, kamar yadda kwarin Telwa ya yi wa garin a watan Satumban 2009. To a ɗauki irin wannan ruwa a cusa shi cikin tsagar da faɗinta bai wuce ƙofar ɗaki ba. Ƙasar can Yuta dutse ce tsirara, ba ta shan ruwa, duk ɗigon da ya sauka gangarawa yake yi. In kana tafiya a ciki ka ɗaga kai, za ka ga kututture a maƙale can sama, mita goma ko fiye. Ruwa ne ya ajiye shi a wurin.

Ranar 12 ga Agustan 1997 mutum 11 suka rasu a ɓangaren ƙasa na kwazazzabon Antelope, yawancinsu Faransawa, alhali a inda suke ruwan da aka yi bai taka kara ya karya ba. Hadarin a nesa ya zuba. A Yulin 1999 mutum 21 suka rasu a kwazazzabon Saxetbach na Suwizalan, suna tare da 'yan jagora na kamfani. Ranar 14 ga Satumban 2015 kuma mutum bakwai, dukansu sun haura shekara 50, suka shiga Keyhole a Zayon, kwazazzabon da ake ɗauka na koyo ne, gangararsa mafi tsawo ba ta wuce mita 9 ba, ana gama shi cikin awa ɗaya ko biyu. Ruwa milimita 16 ya sauka cikin ƙasa da awa guda. Kogin Virgin da ke kusa ya ninka fiye da sau 40 cikin minti 15. Babu wanda ya fita da rai a cikinsu.

Ina yawan tuna mutanen Keyhole, domin ba 'yan ganganci ba ne. Abokai ne masu son tafiya, sun karɓi izini, sun sa kayan da ya dace. Gajartar wurin ce ke yaudarar mutum, ya ce ai kafin hadari ya haɗu mun fita.

Ta yaya ake kauce mata?

Da ƙin shiga. Damina a can Yuta daga Yuli ce zuwa tsakiyar Satumba, kuma hadarin ya fi haɗuwa bayan azahar. Hukumar yanayi ta Amurka tana fitar da hasashen ambaliya kullum, ana liƙa shi a ofishin izini. Ka duba shi da dare, ka sake dubawa da asuba, ka kuma buɗe taswira ka ga duk faɗin ƙasar da ke zubo ruwa cikin kwazazzabon, ba saman kanka kawai ba. Kwazazzabon Buckskin Gulch, mai tsawon fiye da kilomita 20, yana kwasar ruwa daga wurare masu nisan da ba za ka ko ji tsawarsu ba.

In kuna ciki kuka ga ruwa ya fara gurɓacewa, ko ganye da ƙirare na tahowa, ko kuka ji warin laka, ko wata iska ta buso daga sama da ƙara kamar ta babbar mota, ku yar da jaka ku hau duk abin da ke hawuwa. Ba a tsere wa wannan ruwa da gudu. Shi ya sa madugu na ƙwarai yana tafe yana lura da inda za a iya hawa, yana nuna wa mutanensa.

Na ji ana maganar tukwane. Mene ne su?

Ramuka ne da ruwa ya murza a ƙasan kwazazzabo, zagayayyu, cikinsu sumul. In sun cika, iyo kawai za ka yi ka fita ta ɗaya bakin. In ruwan ya ja baya rabi, nan ne tashin hankali: ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, bakin kuma ya fi ƙarfin hannunka, ba abin kamawa. Imlay da Heaps da Neon sun yi suna da irin su. Ana cika 'yar jaka da yashi a ɗaura mata igiya a wurga ta ƙetare baki, a hau da ita. Ko biyu su tallabi mafi sauƙin jiki su tura shi sama. Dokar ɗaya ce: ba a shiga tukunya gaba ɗaya, kuma ba a janye igiyar baya sai mutum ɗaya ya fita ta gaba.

Ruwan ciki ba na sha ba ne. Yakan yi watanni a kwance, baƙi, da wari, wani lokaci har da mushen ɓera ko maciji.

Hamada ce, ina sanyi ya fito?

A waje zafi na iya kai digiri 38, amma ruwan da rana ba ta taɓa gani ba sanyinsa na shiga ƙashi. Dole rigar roba mai kauri irin ta masu nutso, ko a tsakiyar bazara. Na taɓa lura da wata abokiyar tafiyarmu bayan iyo na huɗu, tana ƙoƙarin buɗe ƙugiya, yatsunta sun ƙi. An tambaye ta, ta ce lafiya lau, amma maganar a harɗe ta fito. Muka tsaya a wani ɗan wuri da rana ke leƙowa, aka ba ta shayi daga fulas da dabino, aka lulluɓe ta, sai da muka yi rabin awa. Wanda sanyi ya kama ba ya sanin ya kama shi, na kusa da shi ne ke gani.

Me ake nufi da lambobi irin 3B II?

Ma'aunin wahala ne. Lambar farko, 1 zuwa 4, ta aikin igiya ce: 3 akwai sauka da igiya, 4 sai gwanaye. Harafin na ruwa ne: A busasshe ko ruwa kaɗan, B kwantaccen ruwa da iyo, C ruwa mai gudu. Na ƙarshe, I zuwa VI, lokaci ne, daga 'yan awoyi zuwa kwanaki. In ka ga an ƙara R ko X, akwai ƙarin haɗarin da kuskure kaɗan ke iya zama ajali. Pine Creek 3B II ne. Amma ambaliya ɗaya na iya sauya wuri, ta cike tukunya da yashi ko ta kwashe turke, don haka ka nemi labarin wanda ya bi kwanan nan.

Sai da izini?

A Zayon, e, duk kwazazzabon igiya sai da takarda, kuma masu farin jini irin Subway da Mystery har ƙuri'a ake yi. Kamfanonin jagora ba su da izinin kai mutane kwazazzaban igiya a cikin gandun, a wajensa suke koyarwa. Wato a ciki kai ne jagoran kanka.

In wani ya tsorata a bakin gangara fa?

Tsoro a nan hankali ne, ba abin kunya ba. Ba a yi masa tsawa, ba a yi masa dariya. Wani ya sauka a gabansa a hankali yana gani, a ƙara masa igiya ta biyu daga sama, a bar shi ya jingina ya ji ɗamarar ta riƙe shi kafin ya matsa baki. In a gangarar farko ce kuma ya ce ba zai iya ba, mutum biyu su raka shi mota, ko a fasa duka.

Muna da al'ada a ayarinmu da nake so kowa ya ɗauka: kafin a ja igiyar farko, madugu yana tambayar kowa da sunansa, ɗaya bayan ɗaya. In mutum ɗaya ya ce hankalinsa bai kwanta da yanayin sama ba, an fasa, ba gardama. Mu da aka raina da kunya da kara, yana mana wuya mu ɓata wa jama'a shiri, musamman in an yi tuƙin awa biyar an biya kuɗin masauki. Shi ya sa ake tambaya kai tsaye, don kada mai shakka ya haɗiye ta.

Salla da sutura fa?

A fita da asuba, wanda dama shi ne daidai saboda hadarin yamma. Yawancin kwazazzabai suna da wuraren da suke buɗewa, da busasshen yashi. Ka gaya wa madugu tun farko cewa za ka bukaci minti goma, ya sa a lissafi, ka kuma ware ruwan alwala mai tsabta. Mata na iya ɗora doguwar riga da wando a kan rigar roba, amma a cusa jelar ɗankwali ko hijabi cikin wuyan riga sosai. Ƙarfen birki yana haɗiye duk abin da ke lilo, kuma ba ya saki sai an ɗauke masa nauyi. Da azumi a baki kuwa ba na shiga.

In wani ya karye a ciki?

Raunin da aka fi samu na idon sawu ne da ƙwauri, kuma yawanci daga tsalle ne, mutum ya raina mita biyu ya dira kan dutsen da ke ɓoye cikin ruwa. Ba a tsalle. A ciki babu sabis ɗin waya, na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam ma sai ta ga sama, jirgi mai saukar ungulu ba ya shiga tsaga. Masu ceto sai sun biyo hanyar da kuka bi ko su zuro igiya daga sama, kuma sau da yawa sai gari ya waye. Saboda haka ku riƙe abin da zai kwanar da mutum da ɗumi, ku kuma bar wa wani a gari sunan kwazazzabon, da lambar mota, da lokacin da in bai ji ku ba zai kira hukuma.

A ina sabon shiga zai fara?

Da horo na kwana ɗaya zuwa uku a wurin masu koyarwa, akwai su a garin Springdale da ke bakin Zayon da kuma Moab. Ka koyi sauka, da ƙara wa birki ƙarfi kana tsakiyar igiya, da kullewa, da hawa igiya. In ba ka iya iyo ba, ka fara da wannan. Daga nan ka bi waɗanda suka fi ka zuwa busassun kwazazzabai masu gajerun gangara, a watan Mayu ko Oktoba, ka roƙa a bar ka ka ɗaura turke da hannunka suna dubawa.